Indai Unggat da Gonar da Ta Musanta

Shekara ashirin da ɗoriya, ba zakara ke tashina da safe ba, tarin Indai Unggat ne. Bangon katako ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata a dogon gidanmu na bakin rafin Lemayung, inda ƙofofinmu duka ke jere ƙarƙashin rufi ɗaya, kowa na jin numfashin kowa. Sai ta yi tarin nan nata, ta hura wuta, ta ɗumama shinkafar jiya, ta ƙunshe a ganye da ɗan busasshen kifi. Daga nan in ji adda ta shiga kube, in ji takunta a kan doguwar barandar da muke zaman hira, karnuka su raka ta bakin tsani su dawo su kwanta, don su ma sun san ba farauta za ta ba. Ta haye rafi ta hau tudu, ba a sake ganinta sai rana ta karkata, ƙafafu duk jinin matsattsaku. Abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai shi ne kwandon da take goyawa. Duk macen da na sani, da kwando wofi take fita, ta dawo da rogo ko ganyen miya ko itacen girki. Ita cike take fita da shi, ta dawo hannu rabbana.

Sunanta na asali Mendung, amma babu mai kiranta da shi tun da ta haifi ɗanta tilo, Unggat, sai dai Indai Unggat, uwar Unggat. Ni kuwa Ibu nake ce mata, don matar ƙanen mahaifina ce. Bana gwiwoyinta sun ƙi, numfashi ma ya fara yi mata gardama, ta rataye addar a bango. Matan gidanmu suka ce tunda ni ce bakina ba ya hutawa kuma na iya riƙe alƙalami, in rubuta mata jinjina. Na karɓa da gudu, sai da na zauna na ga ban san ko barka zan rubuta ko jaje ba. Gona ɗaya matar nan ta gada, ɗa ɗaya ta haifa, kuma gonar ita ce kaɗai abin da take da shi na bar masa. Ranar da aka yanke maganar gonar ina tsaye a gefenta, kuma har yau ban gama gane abin da idona ya gani ba.

Mahaifinta ne ya sare kurmin da ke kan tudun nan da gatarinsa. A al'adar gidanmu, wanda ya fara sare kurmi ya noma wurin, ƙasar ta zama tasa da zuriyarsa, muna ce mata temuda, ko da an bar ta tana hutawa. Itacen da mutum ya dasa da hannunsa shi ma nasa ne. Amma kurmin da ya tashi da kansa, pulau ke nan, na kowa da kowa ne, babu mai sa masa gatari, 'ya'yan itacensa kowa ya tsinta. Yaron da bai iya ɗaura wando ba ma ya san wannan. An noma shinkafar tudu a gonar, aka ƙone, aka sake nomawa, aka sake ƙonewa, aka gwada masoro, har ƙasar ta gaji ta daina ba da komai. Tofa ta cinye tudun kaf. Idon ruwan da ke gindinsa ya koma ƙafewa da zarar an yi 'yan makonni ba ruwan sama. A wannan tsakanin mijinta ya rasu, Unggat kuma ya tafi birnin Bintulu neman aiki.

Kowa ya san maganin tofa wuta ce. Indai Unggat sai ta ɗauki wani tsohon falanki, ta ɗaura masa igiya gefe da gefe, ta riƙe igiyar, tana ɗora falankin a kan ciyawa tana takawa da ƙafa ɗaya, ciyawar na kwanciya. Taku ɗaya, ta ɗaga, ta matsa gaba, ta sake takawa. Daga ƙasa in ka hango ta sai ka rantse rawa take koya. Muka yi dariya har muka gaji, muka ce takaba ce ta taɓa ta, za ta warware. Ba mu gama da wannan ba sai ga ta tana jan busassun gora zuwa tudu, tana haƙa rami tana kafa su tsaye, ta ɗaure musu ɗan sanda a gicciye a sama. Na kasa haƙuri na bi ta.

"Ibu, gorar nan fa busasshiya ce."

"Na sani, ai ni na saro ta."

"To me za ta haifa?"

"Endun, je ki duba masoronki, tsutsa na ci."

Haka take kirana, Endun, wato 'yan mata, har yanzu da nake da jikoki. Apai Jimbun, maƙwabcinta a gona kuma sarkin tsokanar gidanmu, ya riƙa roƙonta a gaban mutane ta taimaka ta ajiye masa iri in ta girbe gorar, shi ma yana son ya huta da noma. Abin ya kai har Tuai Lanchang, shugaban gidanmu, ya tura malamin coci ya je ya duba ko kanta lafiya. Malamin ya hau tudu da littafin addu'a, ya sauko da yamma kafaɗarsa duk ta saluɓe. Ya ce bai samu damar yi mata tambaya ba, tana ganinsa ta ce Allah ne ya kawo shi, ta sa shi ɗaukar gora.

Sai bayan damina biyu ko uku muka ga abin da gorar ta haifa. Tsuntsayen da ke ƙetare tudun ba su da wurin sauka a cikin tofa, sai suka samu. Su ci 'ya'yan itace a kurmin da ya rage can saman rafi, su zo su huta a kan sandunanta, su yi kashi su tashi. Gindin kowace gora ya cika da tsiro iri-iri, wasu ma tsofaffinmu sai sun murza ganyen sun sansana kafin su tuna sunansa. Tofar da ta kwantar kuwa ta ruɓe a wurin ta rufe ƙasa, ba ta sake shaƙe su ba. Na tambaye ta wa ya koya mata. Ta ce babu, ta dai lura ƙarƙashin igiyar shanyarmu kullum sai an cire tsiron ɓaure. Na ce to me ya sa take son kurmi a gonar da ubanta ya sha wuya ya sare? Ranar ta ce inuwa take so. Wata rana da wata ta tambaye ta, sai ta ce mahaifinta ta gani a mafarki yana neman wurin zama. Da malamin coci ya tambaya, ce masa ta yi ba ta da abin yi ne kawai. Ni na daina tambaya, don duk amsar da ta bayar da fuskar gaskiya take ba da ita.

Ba tsuntsaye kaɗai suka yi aikin ba, kuma a nan nake son mai karatu ya riƙe maganata da kyau. Kwandon nan da take fita da shi cike, dashe ne. Takan yi tafiyar rabin yini zuwa saman rafi ta tono ƙananan itatuwa daga gindin iyayensu, duriyan mai manyan 'ya'ya masu ƙaya, da belian mai taurin ƙarfe, da engkabang wanda muke matse mai daga 'ya'yansa. Ta raine su a bayan ɗakinta cikin gwangwanayen madara, in sun yi ƙwari ta goya su zuwa tudu. Aladun daji suka tone wasu, rana ta kashe wasu, ta sake dasawa. Wata shekara wutar da Apai Jimbun ya sa a gonarsa ta ƙwace ta shiga tata. Shi da bakinsa yake ba da labari, ya ce ya iske ta a tsakiyar hayaƙi da jiƙaƙƙen buhu tana dukan wuta, gashin goshinta ya babbake, ba ta ko kalle shi ba. Rabin aikinta ya tafi a yinin nan. Ya je da kaza da adda zai biya tara kamar yadda aka saba, ta karɓi kazar, ta mayar masa da addar ta ce ya je ya saro mata gora. Tun daga ranar bai sake roƙon iri ba.

Ibu, ke ce kika hau tudun nan da zazzaɓi a jikinki, ke ce kika hau shi ranar da kowa ke cikin kwalliyar bikin girbi. Ke ce uwar marayun itatuwa, mai goyon abin da ba zai taɓa kiranki Indai ba. Mun yi miki dariya a gabanki, mun yi a bayanki, ba ki taɓa tsayawa kin yi mana bayani ba. Wani lokaci ina ganin haƙuri ne, wani lokaci ina ganin raina mu kika yi, kuma ban san wanne ne daidai ba.

A hankali tudun ya rufe. Yau in ka shiga da tsakar rana sai idonka ya ɗauki lokaci kafin ya saba da duhun. Abubuwan da muka ɗauka sun ƙare a ƙasarmu suka riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya ba tare da sallama ba. Kurege ya fara zuwa, sai jemagu, sai gada, sai beguwa. Wani ya ga dabbar nan ɗan kunya ya naɗe a gindin ɓaure ya zo yana ba da labari kamar ya ga mamaci. Ƙudan zuma suka rataya saƙarsu a manyan rassa. Duriyan ɗinmu na bayan gida da suka shekara suna fure suna zubarwa suka fara riƙe 'ya'ya, tsofaffi suka ce aikin jemagu ne. Ranar da manyan cilakowa biyu suka ratsa ta saman gidanmu, fukafukansu na wannan ƙara tasu, wata tsohuwa da ba ta gani sosai ta ɗaga kai ta kira sunansu, sai ga hawaye. Idon ruwan ya daina ƙafewa. Muka haɗa hannu muka ja bututu daga can har gida, yau kowace ƙofa ruwan tudun Indai Unggat take sha, kuma yara na kama ƙananan kifaye da jatan lande a inda dā busasshen dutse ne.

Kada in yi ƙarya in ce duka daɗi ne. Birai sun dawo su ma, kuma masarata suka fi so a duk faɗin rafin nan. Na je na yi mata ƙorafi, ta ce in kai ƙara wurin uwarsu. Sannan ga tsuntsayen da kakanninmu ke saurara kafin su fita aiki, irin su ketupong, wanda in ya yi kuka ta inda bai kamata ba sai mutum ya juya gida. Shekaru ba a jin su, har mun saba fita gona ba tare da izinin kowa ba. Da suka dawo, tsofaffi suka koma kasa kunne, aka fara fasa aiki da sassafe. Apai Jimbun ya ce dā muna zaman lafiya, yanzu ta tara mana masu hana mu neman abinci, kuma ba a san ƙofar da za a kai ƙararsu ba. Malamin coci ya ce camfi ne, amma an lura shi ma in tsuntsun ya yi kuka sai ya tuna ya manta wani abu a ɗaki.

Bara Unggat ya dawo. Aikin da yake yi a tashar jiragen ruwa ya ƙare, bayansa ya samu matsala, ya zo da matarsa da 'ya'ya uku suka cika ɗakin uwarsa. Duk wanda ya ce muku yaron nan mugu ne, ku ce ni na ce ƙarya yake. Shekarun da ya yi a waje bai taɓa barin uwarsa babu sukari ko magani ba. Hanyar mota ta iso mu, rabin gidanmu sun share temudarsu sun dasa kwakwar manja, masu rufin kwano sabo duk su ne. Shi ma abin da ya nema ke nan, ya share gonar kakansa, ya sayar da katakon ya yi jari, ya dasa kwakwa ya riƙe 'ya'yansa a makaranta. Har ya yi alkawarin barin itatuwan da ke kewaye da idon ruwa. Ta bangon katakon nan na ji lokacin da yake gaya mata, da ladabi, yana ta kewaye-kewaye. Da ya gama ta ce, "To." Shi ya ɗauka yarda ce. Ni ma haka na ɗauka.

Sai dai itatuwa in sun kai wannan tsayin, ba a sa musu zarto sai tuai ya zaga da dattawa ya tabbatar temuda ce ba pulau ba. Hanyar tabbatarwar kuwa ɗaya ce, mai gona ya nuna abin da ya dasa, shaidu su ce haka ne. Gidanmu ya shiga wani hali. Babu mai son a taɓa kurmin, kowa na tunanin bututunsa, amma babu mai bakin cewa ba nata ba ne, bayan duk mun ga jinin ƙafarta. A baranda aka yi ta magana ƙasa-ƙasa, daga ƙarshe kowa ya ce gaskiya ɗaya ce, za mu yi mata shaida ko da za mu koma ɗibar ruwa a rafi. Ni har na shirya in rantse a kan waɗanda tsuntsaye suka kawo ma, in ce da idona na ga ta dasa. Raina a jagule yake, amma na ce hakkin yaro ne.

Da hantsi muka hau, Tuai Lanchang a gaba, dattawa, Unggat, Apai Jimbun, ni, da ita a baya tana dogara sanda, tana hutawa a kowace kwana. Itacen farko da aka tsaya a gindinsa wani engkabang ne da mutum ɗaya ba zai iya rungume shi ba. Na san shi sarai, don ranar da aka kawo shi ni na karɓar mata kwandon a bakin rafi. Tuai ya dafa shi, ya yi tambayar da al'ada ta ce a yi, yana murmushi don ya san amsar.

"Indai Unggat, wa ya dasa wannan?"

"Ban sani ba."

Aka yi dariya, an ɗauka wasa take. Tuai ya sake tambaya da ƙarfi, ko kunne ne. Ta ce ta ji shi tun farko, ba ta san wanda ya dasa ba, ita dai ta zo ta gan shi. Aka matsa gaba wurin wani duriyan, ta ce wataƙila biri ne ya yar da ƙwallon. Aka nuna belian, ta ce ruwa ne ya gangaro da shi, alhali itacen a ƙoƙuwar tudu yake. Dariya ta ɗauke. Tuai ya juyo gare ni ya ce in faɗi abin da na sani. Na ce na rantse da kabarin mahaifina ita ta dasa engkabang ɗin can, ni na riƙe mata kwando.

"Tuai, rabu da Endun," in ji ta. "Tun tana ƙarama idonta ba shi da kyau. Ba ka ga mijin da ta zaɓa ba?"

Ko mutum ɗaya bai yi dariya ba, har Apai Jimbun. Shi ma ya matso ya ce ya shaida, ya ga ta sake dasa gefen nan duka bayan wutarsa. Ta ce hayaƙi ya yi yawa ranar, bai ga daidai ba. Unggat ya tako ya tsaya a gabanta, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Indai, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani."

"Kin san abin da zai biyo baya?"

Ta sa ido a kan sandarta. Tuai Lanchang ya zauna a kan wata saiwa ya cire hula yana sosa kai. Ya ce shi tun da ya karɓi gidan nan ya raba mutum biyu masu faɗa a kan itace ɗaya ba adadi, amma bai taɓa ganin mai itace na faɗa da shaidunsa ba, kuma bai ji kakanni sun bar magana a kan irin wannan ba. Dattawa suka yi ta juya zancen. Wani ya ce shaidu sun isa, wani ya ce shaida ba ya cusa wa mutum abin da ya ce ba nasa ba ne. Tuai ya ɗage maganar, ya ce a bar tsohuwa ta huta, ƙila rana ce ta buge ta. Ya yi ta aika mata, ya je da kansa, ya turo malamin coci. Amsarta ba ta sauya ba. Daga ƙarshe aka yanka kaza a gindin tudu, aka kafa alama, aka sanar cewa daga rafi zuwa ƙoƙuwa pulau ne, na gida duka, ba mai sarewa har abada.

Unggat bai ɗaga murya ba, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ya haɗa kayansu cikin kwana biyu. Da zai sauka tsani ya tsaya a ƙofarta ya ce, "Da a ɗaki kika gaya mini, Indai." Ya ɗauki ƙaramar 'yarsa ya wuce. Yanzu yana Bintulu yana gadin wani shago da wannan bayan nasa, su biyar a ɗaki ɗaya na haya.

Na ji haushinta, kuma har yanzu da saura. Na shiga ɗakinta ba sallama na ce mata abin da ta yi ba daidai ba ne, ta kunyata ɗanta a gaban maza, ta mayar da ni maƙaryaciya, ta kuma yi ƙarya da furfurarta. Ta bar ni na gama. Ta ce da a ɗaki ta hana shi, zai ce to, don yaro ne mai kunya, sannan ranar da ta mutu yunwa ta sa shi ya sare, ya zama shi ne wanda ya kashe wa gida ruwa, a riƙa nuna 'ya'yansa da baki. Gara ya ji haushinta ita. Na fita ina cewa lallai tsohuwa ta yi nisan tunani. Washegari na kai mata ganyen rogo, ba tare da na tambaya ba ta ce mini ita fa da niyyar cewa nata ne ta hau tudun, har ta shirya ta inda za ta fara nunawa. Da tuai ya dafa itacen ne kawai bakinta ya faɗi abin da ya faɗa, ta kuma kasa janyewa. Na ce to wanne zan ɗauka, na jiya ko na yau? Ta ce in na gano in zo in gaya mata.

Bana engkabang ya zuba, irin zubar da yake yi sau ɗaya a shekaru. Tunda wurin ya zama pulau, ba mai shiga tsinta sai tuai ya buga kuge kowa ya shiga tare. Indai Unggat ta sa aka riƙe ta har gindin tudu, ta zauna a kan dutse da ɗan kwandonta a cinya, tana jiran a ba ta izinin shiga gonar ubanta. Tuai ya ce mata don Allah ta fara shiga, wa zai hana ta. Ta ce ba a buga ba tukuna. Na juya baya don kada ta ga fuskata. Da aka buga ma ba ta iya hawa ba, matan gida ne kowace ta zuba mata daga nata har abin da ta samu ya fi na kowa yawa.

Ibu, mun gode. Na faɗa da sunan kowace ƙofa da ta buɗe famfo yau da safe, da yaran da suka san kukan cilakowa da kunnensu ba a labari ba, da Apai Jimbun wanda ya ce in rubuta cewa shi tun farko ya san abin da kike yi. Allah ya saka miki, ya sassauta wa gwiwoyin nan. Ku kuma masu tudun da tofa ta cinye, a rafin nan da sauran rafuka, ga hanya an nuna muku, kuma ba ta bukatar komai sai falanki da gora da taurin kai. Ku kwantar da ciyawa, ku daina sa wuta, ku dasa abin da kuka iya, sauran za a kawo muku. Abu ɗaya kawai zan ƙara daga wurina, ku zaunar da 'ya'yanku ku yi maganar tun itatuwan ba su fi ku tsayi ba.

'Ya'yan engkabang ɗin da aka tara mata, ita ta zauna ta ɓare su, ta shanya, ta sa aka daka aka matse, aka ɗura man a gorar da ta zaɓa da kanta ya daskare. Ko ɗanɗanawa ba ta yi ba. Ta ce Unggat tun yana yaro ba ya cin shinkafa mai zafi sai da shi, ta ba direban motar Bintulu ya kai masa. Direban ya ce hannu da hannu ya ba shi, ya karɓa, ya juya gorar yana kallo, bai ba shi wani saƙo ba. Ba a dawo da man ba, ba a kuma kira waya ba. Kusan kullum sai ta ƙwanƙwasa bangon nan ta tambaye ni abin da hakan yake nufi, in da fushi yake ai da ya mayar, in kuma ya huce ai da ya kira. Ni ban sani ba, na gaji da ce mata ban sani ba. Unggat, na san kana karanta duk abin da ya fito daga gida. Kai kaɗai ke da amsar nan, kuma mai tambayar numfashinta ba kamar bara ba ne.